Yadda Jado Ta Zama Kufai Alhali Ruwanta Bai Ƙafe Ba

A can ƙuryar arewa maso gabashin Nijar, inda ƙasar ta kusa haɗuwa da Libiya da Aljeriya, akwai wani tsohon gari mai suna Jado. Daga Yamai zuwa can ya haura kilomita 1,300, kuma kwaltar da za ta kai ka ta ƙare tun a Agadas, sauran tafiyar cikin rairayi da duwatsu ake yin ta. An gina garin a kan wani tudun dutse, ɗaki bisa ɗaki, soro na jingine da soro, har in ka hango shi daga nesa ba ka rabe inda dutse ya tsaya da inda hannun magini ya fara. Yau babu mai kwana a cikinsa. Rufin ɗakuna ya rufta, azarar dabino ta zube cikin lunguna, rumbuna sun wangame babu ko ƙwaya.

A gindin tudun nan kuwa ruwa na nan kwance har gobe, ga ciyayi kore shar a bakinsa, ga dabino yana 'ya'ya kowace shekara. Mu da muka taso a ƙasar noma, da an ce gari ya tashi a hamada sai mu ce fari ne, ko rijiya ce ta ƙafe. Mutanen Jado sun bar ruwa a ƙofar gida suka tafi. Wanda ya gane dalilinsu ya gane yadda garuruwan hamada ke rayuwa baki ɗaya, har da maƙwabtan Jado da ke da jama'a a yau, wato Shirfa da Segedin da Dirku da Bilma.

Kafin a yi zancen abin da ya tashi gari, gara a san abin da ya zaunar da shi. Sahara ba haka take ba tun fil azal. Tsakanin shekaru 10,000 da 5,000 da suka wuce damina tana kaiwa har wannan yanki, akwai tafkuna da gulabe da makiyaya. Shaidar tana jikin duwatsun tsaunin Jado, inda mutanen wancan zamani suka zana raƙuman dawa da giwaye da shanu. Da ruwan sama ya janye kudu, wani kaso na abin da ƙasa ta sha ya zauna a ƙarƙashi, cikin irin dutsen nan mai tsotse ruwa. A yawancin hamada ruwan ya yi zurfin da igiyar guga ba ta kai masa. Amma akwai wuraren da ƙasa ta yi kwari a gindin tsauni, ruwan ya matso sama har mutum ya tona kaɗan ya tarar da laima. Irin wannan wuri ne Kawar: wani dogon gefen dutse da ya miƙe daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 150, yana tare iskar gabas da rairayin da take kwasowa, garuruwa suka jeru a gindinsa ta yamma. Bilma ce a kudu, sai Dirku, sai Ane, can gaba Segedin. Jado tana gefe, arewa maso yammacin Segedin da fiye da kilomita 100, a gindin nata tsaunin. Ruwan sama a Bilma bai kai milimita 20 ba a shekara in an daidaita, wata shekarar ma ko ɗigo ba a gani. Duk wanda ya sha ruwa a Kawar, tsohuwar ajiya yake sha.

To me wannan ruwa ke iya ciyarwa? Dabino dai ya samu gida, domin saiwarsa tana sauka ta tarar da ruwan da kanta, kuma ba ya gudun ɗan gishiri-gishirin da ke cikinsa. Akan yi 'yan lambuna a inuwarsa, a shuka albasa da ɗan kayan miya. Gero kuwa, abincin yau da kullum, ba ya yiwuwa yadda zai ishi gari. Filin da ke da laima ƙanƙane ne, ƙasar tana da gishiri, kuma ba a shayar da gonar hatsi da guga. Don haka tun zamanin da, tuwon da ake tuƙawa a Bilma da Dirku da Jado, geronsa a Damargu da Damagaram da Borno da ƙasar Kano aka nome shi. Garin hamada ba ya ciyar da kansa. Dole ya mallaki abin da mutanen kudu ke so, kuma dole a samu mai kaiwa da mai kawowa.

Bilma ta mallaki gishiri. A Kalala, bayan gari, akwai ramuka da aka tona har aka cim ma ruwa mai gishiri, wani ja, wani ruwan ɗorawa, gwargwadon abin da ke narke a cikinsa. Rana ce ke yin rabin aikin. Ruwan ya riƙa ƙafewa, gishiri ya yi ɓawo a samansa, mai rami ya zo ya farfasa ɓawon ya nutse, wani ya sake taruwa, haka har zafi ya wuce. Mai kyan, fari tas, shi ne beza, na miya. Ragowar da ta gauraya da ƙasa sai a kwaɓa ta, a danna cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife a rana ta bushe, ta fito kantu mai nauyin kilo 20 ko fiye. Wannan kantun ne makiyayi ke saya wa shanunsa su lasa a kasuwannin kudu. Aiki ne mai cin fata, ƙafar mai shiga ramin ba ta rabuwa da faso, kuma yana son mutum ya zauna kusa da raminsa wata da watanni. A riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

Masu kaiwa da kawowa su ne Abzinawa, musamman Kel Ewey. Da kaka ta yi, wajen watan Oktoba, sukan ɗaure akala su tashi daga tsaunukan Abzin su faɗa hamadar Tenere, tafiyar fiye da kilomita 500 in an auna daga Agadas. A tsakiya akwai zango ɗaya mai gari, Fashi, kimanin kilomita 160 yamma da Bilma. Kwanaki ake yi babu ko tsinken ciyawa, saboda haka kowane raƙumi yana ɗauke da harawarsa, kuma akan sauke wasu dammuna a hanya a bar su don komowa. Madugu na gaba, da rana yana duban inuwa da kwanciyar rairayi, da dare yana duban taurari, ayari ba ya tsayawa ko don cin abinci, a tafe ake dama fura a miƙa wa juna. In sun isa su sauke gero da cuku da tufafi, su ɗauki kantu da dabino. Su koma Abzin su huta, sannan su gangaro ƙasar Hausa. A nan suke sayar da gishirin, raƙumansu su ci kara a gonakin da aka girbe su bar wa manomi taki, su kuma su sayi geron da za su ci da wanda za su kai Bilma baɗi. Zagaye ne na shekara guda, kuma in ƙafa ɗaya ta karye duka ya tsaya. A farkon ƙarni na 20 raƙuman ayarin nan dubbai ne. Har yanzu ana yin sa, sai dai ya ragu ƙwarai, manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa.

Yanzu a dubi mazaunin Jado a cikin wannan tsari. Ayarin gero Fashi yake fara isa, sannan Bilma, a nan yake sauke mafi yawan kayansa. Daga Bilma zuwa Jado akwai sauran fiye da kilomita 250. Abin da Jado ke da shi na sayarwa dabino ne, shi kuwa akwai shi a Fashi da Dirku da Ane ma. Matsayinta irin na gonar da ke ƙarshen magudana ne a fadama: ita ce ta ƙarshen samun ruwa, ita ce ta farkon bushewa. Abin da ya rufa mata asiri shi ne tana kan reshen hanya mai zuwa Janet da Gat, matafiya na yada zango a cikinta. Muddin ƙafa na bin wannan reshe, hatsi na shigowa.

Ginin garin kansa yana faɗin irin zaman da aka yi. Mutum mai hankali ba ya barin fili a bakin ruwa ya hau dutse ya yi gida, ya ɗora wa matansa da 'ya'yansa hawa da tulu safe da yamma, sai in akwai abin da yake tsoro fiye da wahala. Bayan gidajen waje an haɗe su sun zama ganuwa. Lungunan ciki matsattsu ne, masu karkacewa, wasu a rufe ta sama, yadda mahayin raƙumi ba shi da ta yi sai ya sauka, in ya sauka kuma ɗaya bayan ɗaya za su shiga. Ƙofofi gajeru ne, sai an sunkuya. Rumbuna suna can ciki, domin hatsin da ya yi tafiyar wata guda kafin ya iso ya fi komai daraja a gidan. An yi ginin da dutse da laka mai gishiri, wadda in ta bushe take ƙanƙarewa ta yi tauri, aka yi rufi da gungumen dabino. Kusa da Jado akwai ƙanwarta Jaba, ƙarama, ita ma kango, ita ma a kan dutse. Sauran garuruwan yankin ma sun san wannan dabara. A Fashi akwai katafaren gini mai ganuwa da aka cika da manyan rumbunan laka, kowane gida da nasa, inda ake shigewa in an hango ƙura. Mutanen Ane kuwa kan dutsen da ke bayansu suke hayewa. Labarin baka na yankin yana danganta ginin farko da mutanen So, waɗanda ake ba da labarinsu har a bakin Tafkin Cadi, amma mazauna na ƙarshe da aka sani a Jado Barebari ne.

Zuwan Barebari nan ba abin mamaki ba ne. Kawar tana kan hanyar da ta fi sauƙi wajen ƙetare Sahara, wadda ta tashi daga Tafkin Cadi ta bi Bilma da Tummo, ta faɗa Murzuk a ƙasar Fazzan, ta ƙare a Tarabulus. Sauƙinta shi ne rijiyoyinta ba su yi wa juna nisa ƙwarai ba. Marubuta tarihi na Larabawa sun ce Uƙba bin Nafi'u ya iso Kawar a shekarar 666, Al-Idrisi kuma ya ambaci garuruwanta a ƙarni na 12. Sarakunan Kanem, daga baya Borno, ba su taɓa wasa da hanyar ba. A ƙarni na 13 ikon Mai Dunama Dabalemi ya kai har Fazzan, a ƙarshen ƙarni na 16 kuma Mai Idris Aloma ya fita da runduna har Kawar. Ta nan dawakai da bindigogi da takarda da littattafai ke sauka kudu. Babban abin da ke hawa arewa kuwa bayi ne, kuma bai kamata a rufe wannan ba. Turawan Ingila da suka bi hanyar a 1822 zuwa 1823, cikinsu har da Klafaton wanda daga baya ya iso Kano da Sakkwato, sun ba da labarin ƙasusuwan mutane zube a bakin rijiyoyi. Arzikin da ya ɗaga garuruwan nan akwai hawayen bayin Allah a cikinsa, kuma duk mai yabon ginin Jado ya kamata ya haɗa da faɗin haka.

Inuwar Borno ta fara janyewa a tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da Abzinawa suka ƙwace cinikin gishirin Bilma daga hannunta. A ƙarni na 19 ta shagala da yaƙe-yaƙen da ke ƙofarta, Kawar ta zama ba mai tsawatarwa. Abzinawa da Tubawa suna kai wa juna harin ramuwa, ga Larabawan Aulad Sulaiman da Turkawa suka koro daga Fazzan wajen 1842, suka sauka Kanem suka mai da hari sana'a. Makiyayi in ya ji ƙishin-ƙishin sai ya kaɗa raƙumansa ya ɓace. Mai dabino ba ya tuge itacensa ya gudu da shi. Kowa ya san inda yake, kowa ya san watan da rumbunsa ke cika.

Hari ba ya tashin gari rana ɗaya, kuma a nan ne ya kamata a bi abin a hankali. Mahara sun zo da kaka, sun kwashe dabino da dabbobi, sun kama wanda suka tarar a waje. Baɗi fatake sun ji labari, wasu suka sake hanya. Gero ya yi tsada, abin musayarsa kuma an riga an kwashe. Gida ɗaya ya ce bari mu je wurin dangi a Segedin mu ga abin da hali zai yi, wani ya aurar da 'yarsa Dirku ya bi ta. Kowane gida da ya tafi ya ƙara wa na baya nauyi, domin masu gadin ganuwa sun ragu, masu yaɓe sun ragu, masu yashe rijiya da share bakin ruwa sun ragu. Ruwan da ke gindin tudu, wanda a da albarka ne, sai ya zama kududdufi mai ciyawa, ba ya gudu, ba mai taɓa shi, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. An san Jado da sauro da zazzaɓinsa har yau, kuma zazzaɓi yara da masu ciki yake fara ɗauka. Uwar da ta binne ɗa biyu a shekara ɗaya ba ta jiran shawarar dattawa kafin ta ce a tashi. Akwai adadin da in jama'a ta gaza shi gari ba ya iya ɗaukar nauyin kansa: saurayi ba ya samun matar aure a ciki, malami ba ya samun almajirai, in an yi rasuwa masu haƙa kabari ma sai an nemo. Daga nan ba a bukatar wani maƙiyi. Barebarin Jado sun fara watsewa tun tsakiyar ƙarni na 19, kaɗan-kaɗan, zuwa tsakiyar ƙarni na 20 garin ya zama kufai.

Da hanyar ta farfaɗo, da wataƙila sun komo. Ita ma sai ta bi su. A 1857 Turkawa masu mulkin Tarabulus suka haramta cinikin bayi, ko da yake an daɗe ana yi a ɓoye. Fatake suka karkata gabas, suka kama hanyar Bangazi da Kufra zuwa Wadai, inda 'yan Sanusiyya suka tabbatar da tsaro. A 1893 Rabe ya ci Borno ya rusa Kukawa. A 1906 Faransawa suka kafa bariki a Bilma. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Libiya. Kayan da raƙumi ke shafe watanni kafin ya kawo daga Tarabulus, yanzu jirgin ruwa ya sauke a Ikko, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi.

Duk wannan ya faɗa wa Bilma kamar yadda ya faɗa wa Jado, amma Bilma ta tsaya. Dalili na farko, shanun ƙasar Hausa ba su daina lasar gishiri don an rufe hanyar Tarabulus ba, kasuwar Bilma ta kudu ce. Na biyu shi ne wanda na ce a riƙe: gishiri yana tilasta wa mai shi zama. Dabinon Jado ba ya tilasta wa kowa. Saiwarsa na cikin ruwa, ba ya neman mai shayar da shi, ba ya neman mai gadi sai in ya nuna. Mutum na iya cin arzikin Jado ba tare da ya kwana a Jado wata goma sha biyu ba. Wannan ya dace da rayuwar Tubawa, waɗanda dukiyarsu raƙuma ce mai bin kiwo, kuma ta hanyar auratayya da gado itatuwan suka koma hannunsu da yawa. Har yau, da dabino ya nuna wajen Agusta da Satumba, iyalai sukan zo daga nesa su kafa bukkoki da rassan dabino, su yi nesa da bakin ruwa saboda sauro, su yanke nonnan, su shanya, su ɗura a buhu, su tafi. Baƙo na iya ganin wurin ya ɗauka ba na kowa ba ne. Ya gwada taɓa itace ɗaya, zai ji sunan mai shi da na kakan da ya bar masa.

Iyakar da Turawa suka shata ta zo da nata tsarin. Hanyar da ta kasance tsakiyar duniyar fatake ta koma bakin ƙasa, wurin da hukuma ke aika soja ya zuba ido. Faransawa sun gina bariki a Shirfa, 'yan kilomitoci daga kangon Jado, suka gina wani a Madama don su riƙa lura da Italiyawa. Inda hukuma ta sa ƙafa, nan makaranta da ɗakin shan magani ke zuwa, kuma mota ba ta hawa lungun da aka gina don hana raƙumi shiga. Shi ya sa Shirfa, a shimfiɗe a fili, ta zama mazaunin ƙaramar hukumar da har yanzu ke amsa sunan Jado. Ƙidayar 2012 ta samu mutum 876 kacal a ƙaramar hukumar baki ɗayanta. Ta Fashi tana da 2,215, ta Bilma 4,409, ta Dirku kuwa 10,435.

Wannan adadi na Dirku abin dubawa ne, domin Bilma ce babban birnin gundumar, ita ce mai tarihi da gishiri, amma Dirku ta ninka ta har da ɗori. Abin da Dirku ta samu shi ne abin da Jado ta rasa, wato hanya. Tana da barikin soja da filin jirgin sama, kuma a nan motar da ta ƙetaro Tenere daga Agadas ke fara shan iska kafin ta miƙe Segedin da Madama da Tummo. Tun da man fetur ya ɗaga Libiya, 'yan ci-rani daga Nijar da Najeriya da Gana da sauran ƙasashe suke bin ta nan, manyan motoci kuma suna gangarowa da taliya da man girki da fetur mai araha. An daɗe ana tashi daga Agadas ran Litinin, motoci a jere, soja na rakiya. Mai shayi, mai faci, mai canjin kuɗi, mai gidan haya, mai sayar da jarka, duk a kan wannan zirga-zirga suke ci. Da Gaddafi ya faɗi a 2011 abin ya ƙaru, motocin Hilux suka cika hanya. Tsaro ma ya jawo nasa baƙin, sojan Faransa sun zauna a Madama daga 2014 zuwa 2019.

Sai aka ga yadda igiyar take da siranta. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, bisa matsin ƙasashen Turai, aka fara aiki da ita sosai a 2016. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Kasuwar Dirku ta yi sanyi, masu gidajen saukar baƙi suka rasa abin yi, direbobin da suka ci gaba kuma suka riƙa kauce wa rijiyoyin da jami'ai ke tsaro, abin da ya jawo mutane suka riƙa mutuwa da ƙishirwa a wuraren da ba mai bi. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta soke dokar. Takarda ɗaya da aka sa wa hannu a Yamai ta rage wa gari abinci, wata takardar ta maido masa.

Ita kanta Jado ta ga cikowa irin wadda ba ta taɓa gani ba, sai dai ba a cikin ganuwarta ba. A watan Afrilun 2014 aka gano zinariya a yankin. Cikin 'yan makonni dubban mutane suka kwararo daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya, kowa da na'urarsa ta gano ƙarfe a rataye, yana sharar ƙasa yana kasa kunne. Zinariyar kusa take da sama, wani ya tona kamu ɗaya ya dace, wani ya cinye guzurinsa bai ga komai ba. Rumfunan leda da buhu suka zama kasuwanni, da mahauta da makanikai da masu cajin waya. Ruwan sha da mota ake kai shi, a sayar da tsada. Shirfa da Segedin da Dirku duk sun ji ɗumin kuɗin, haka ma 'yan fashi. A 2017 gwamnati ta rufe wurin bisa dalilin tsaro, jama'a da yawa suka koma Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, wasu suka shiga arewacin Cadi, ko da yake haƙar ba ta mutu ɗungum ba. Sansanonin da suka tashi sun bar ramuka da gwangwanaye. Abin da ya ɗauki Jado shekara ɗari, su cikin watanni suka yi shi.

A ganina kuskure ne a ɗauki Jado a matsayin garin da ya gaza, maƙwabtanta kuma waɗanda suka yi dabara. Duk abin da ake ci a Dirku yau, daga shinkafa har man da ke tuƙa injin rijiya, a bayan mota yake zuwa, kamar yadda geron Jado ke zuwa a bayan raƙumi. Bilma da Fashi na da ɗan abin da ya kafe su a ƙasa, wato gishiri, shi ma gishirin teku mai araha yana cin kasuwarsa a kudu. Akwai lokacin da aka sa rai ga 'yan yawon buɗe ido, musamman a shekarun 1980 da tseren motocin Paris-Dakar ke ratsa yankin, amma tawayen shekarun 1990 da na 2007 zuwa 2009, da nakiyoyin da aka binne, da satar Turawa a Sahel, sun tsinke wannan ma.

Abin da ke barazana ga kangon yanzu shi ne ruwan sama, duk da ƙarancinsa. Lakar gishiri tana jure rana shekara ɗaruruwa, amma ruwa na narkar da ita. A watan Agustan 2006 ruwa mai ƙarfi ya rusa ɗaruruwan gidaje a Bilma. Mutanen Bilma sun sake gini domin suna ciki. Katangar da ta faɗi a Jado ba mai tayar da ita. A wannan shekarar ta 2006 ce Nijar ta sa Jado cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, kuma har yanzu a jerin jira take.

Ba sai an jira UNESCO ba kafin a yi abin da ke iya yiwuwa. Maginan Kawar sun san lakar nan, da ita suke gina gidajensu, kuma a biya su su riƙa yaɓe katangun da suka fi rauni bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. A auna garin a ɗauki hotonsa ɗaki-ɗaki tun yana tsaye. Mafi gaggawa kuma, a Shirfa da Segedin da Dirku akwai dattawa da suka ji daga bakin kakanninsu wace unguwa ce ta wane dangi, wace shekara aka yi wane hari, gidan wa ya fara tashi. Malaman tarihi na jami'o'in Agadas da Yamai da Maiduguri, da ɗalibansu masu jin Barbarci da Tubanci, su je su zauna da mutanen nan su naɗi maganarsu. Lokacin yankan dabino ya fi dacewa, domin a lokacin ne masu itatuwan ke haɗuwa wuri ɗaya.